Yadda Bindigar Baba Akolo Ta Zama Biyu

Ku da kuke tsayawa a ƙofar shagonmu na Bukan Sidi kuna roƙon in ara muku bindiga ku riƙe a ɗauke ku hoto, ku saurara sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa. Wani cikinku ya ce wai aikina goge-goge ne: tsumma, baƙin mai, shi ke nan. To ni da nake cikinsa tun ina sakandare, har yau akwai ranar da nake rufe shago ban san me na gyara ba.

Tsofaffin bindigogi muke gyarawa, ni da Babana. Ba ma ƙera sabuwa, ba ma taɓa ta zamani, kuma wanda ya zo ba lasin, Baba ba ya ma barinsa ya kwance bakin buhun. Maharban ƙauye suna kawo bindigar toka, suna so ta tashi. 'Yan bindigar biki, masu buga albarushi zalla, ƙara kawai suke nema. Sai masu ajiya, waɗanda ke rataye tsohon ƙarfe a falo suna kallo kamar talabijin, su ko ta tashi ko kar ta tashi ba ruwansu. Amma duk wanda ya shigo kalma ɗaya yake faɗa: a gyara. Ke mai gyara ke za ki gano me yake nufi.

Ni abinci nake kai wa Baba shago, ba koyo na je ba. Yayyena maza sun ƙi sana'ar, ɗaya ya tafi tuƙin keke, ɗaya gyaran waya. Ran nan na tsaya ina kallon Baba yana fama da magagari, ƙarfen yana zame masa, haƙurina ya ƙare na ce ya ba ni nan. Bai ba ni ba. Sai ya ɗora hannunsa na hagu a kan benci. Yatsu uku ne a jiki.

"Kalla da kyau, Zuwaira," ya ce. "Bututu mai tsaga ne ya yi wannan. Mai shi ya rantse min lafiyarsa ƙalau."

Daga nan ya miƙo min magagarin.

Abin da na fara koya sauraron bututu ne. A rataye shi da zare, a ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe. Mai lafiya yana amsawa da tsawo, mai tsaga tari yake yi ya yi shiru. Na daɗe ban jin bambanci, duk ƙarar ƙarfe ce a kunnena, Baba yana ta cewa in sake. Sannan a shafa kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli, in akwai tsaga za ta fito da kanta kamar silin gashi. Bayan haka aka zo ƙota, wato itacen da ake jinginawa a kafaɗa. Maɗaci muke so, busasshe. A fara da gizago, a bi da magagari, a kankare da fasasshiyar kwalba, a ƙare da man kaɗe. Kuma ba a sassaƙa ƙota sai an ga mai ita, an ga tsawon hannunsa da inda kuncinsa yake sauka. Maharba da yawa sun ƙi in auna su don mace ce ni. Baba ya ce su je inda namiji yake. Babu. Suka dawo.

Akwai wata libarba da Alhaji Mudi ya kawo, ita ta fara nuna min ban san komai game da kwastoma ba. Alhaji Mudi ɗan kasuwar riɗi ne, kakanninsa daga Kano suka zo, gidansa yana Akurba, kuma shi ne babban mai ajiya a cikin masu zuwa mana. Bangon falonsa akwai maka-fo irin ta tsofaffin sojoji, akwai libarba, akwai dogayen na toka, duk na sojan an toshe su, hukuma ta san da zamansu. Libarbar ta yi baƙi ƙirin. Na ɗauko sanfefa ke nan, Alhaji ya yi ihu daga bakin ƙofa.

"Kar ki taɓa! Innalillahi, yarinyar nan za ta kashe ni."

"Alhaji, ai gyara ka ce."

"Gyara na ce, ban ce ki wanke ta ba."

"To me zan yi mata?"

"Ki gyara ta yadda ba wanda zai san an gyara."

Na yini ina shafa mata mai da gashin kaza. Da ya zo ɗauka ya juya ta, ya ce bai ga abin da na yi ba, kuma ya yaba ƙwarai. Na kalli Baba. Baba yana kallon rufin kwano.

Shekarar da aka yi rikici a ƙauyuka ita ce mugunyar shekararmu. Aka hana fita da kowace irin bindiga, jami'ai suka zo suka kwashe abin da ke rataye a shago, har da wadda ba ta da bututu. Ba ma jin haushinsu, mutane sun mutu a lokacin. Amma mu aiki ya tsaya cak. Muka koma fartanya da lauje, muna gyaran injin markaɗe. A shekarar nan ce, don rashin abin yi, na jawo wa kaina maganar da zan ba ku.

Baba Akolo tsohon maharbi ne na wani ƙauye a bayan Agyaragu. Bindigarsa gado ce. Ubansa ya yi wa sojan Turawa dako, a can ya samo ƙarfenta, akwai tambarin kambi a farantin kunama, wato ƙarfen gefe da kunamar take manne a jiki. Tun kafin a haife ni Babana yake kula da ita. Gara ta ci ƙotar, ya sassaƙa sabuwa. Bututun ya tsage, ya sa wani. Daga baya kunamar ta gaji, ya canza ta da farantinta. Baba Akolo bai taɓa cewa bindigarsa ta canza ba, kullum "bindigan babana" yake ce mata. Shi kuma Babana ba ya jefar da komai, duk abin da ya cire yana cikin wani buhu ƙarƙashin benci.

Alhaji Mudi ya zo hira a shekarar nan, ƙafarsa ta bugi buhun, ya sa hannu ya zaro farantin. Da ya ga kambin sai da ya zauna. Ya ce a haɗa masa su. Baba ya aika wa Baba Akolo a tambaye shi, tsohon ya yi dariya ya ce a ba Alhaji, in yana son tsohon takalminsa ma akwai. Ni na haɗa ta, ita ce ta farko da na yi daga farko har ƙarshe. Na narka dalma na toshe bututun, don tsagar da ke jikinsa ko ba alli ana ganinta. Aka rataye ta a Akurba, na manta da ita.

Bara Baba Akolo ya rasu. Bayan an share makoki sai ga ɗansa Ayuba a kan babur, ɗan okada ne, ya goyo wata tsohuwa, bindiga a buhu a tsakaninsu. Tsohuwar Mama Tani ce, yayar marigayin, idonta ya yi rauni sosai. Ayuba ya yi mana bayani. A wurinsu, in maharbi ya mutu, maharba suna taruwa, ɗansa ya buga bindigar gidan sama sau ɗaya a gaban kowa, sannan a rataya masa jakar uban, ya gaji matsayinsa. In bai buga ba, matsayin ya bar gidan. Kuma kafin a buga, sai babban da ya rage a dangi ya riƙe bindigar ya shaida ita ce. Babban da ya rage Mama Tani ce, ta riƙe, ta ƙi.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce wa Baba, tana buga buhun da sanda.

"Mama, ita ce," na ce. "Ita Baba Akolo ya riƙe har ya rasu."

"Akolo ya riƙe abin da ya riƙe. Ni bindigan babanmu na ce. Ku ne kuka taɓa shi. Ina yake?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce tsofaffin kayan suna falon Alhaji Mudi a Akurba, an haɗa su, amma a toshe take, kuma bututun a tsage yake.

"To a buɗe," in ji Ayuba.

"Ba za a buɗe ba."

"Ƙanwata, sau ɗaya ne fa. Albarushi kawai, ba dalma."

"Sau ɗaya ne ya yi wa Baba haka." Na nuna masa hannun. "Hannun hagunka ne zai riƙe daidai wurin tsagar. Da me za ka kama kulocin babur?"

Ya kalli hannun Baba, ya kau da kai. Ya ce shi ma a ransa wadda ke buhun nan ce ta babansa, amma ba zai zama shi ne wanda matsayi ya bar gidansu a kansa ba. Ya ce in mun ƙi, akwai mai walda a Agyaragu da zai huda masa ita kafin ya gama shan ruwa. Na san mai waldar. Zai yi.

Da suka tafi na tambayi Baba me za mu yi. Ya ce, "Ke kika haɗa ta." Ya ci gaba da wasa laujensa.

Ban damu sosai ba, don na tabbata Alhaji ba zai bayar ba. Mutumin da ya yi ihu a kan sanfefa? Na hau keke na tafi Akurba in gaya masa kar ya saurari kowa. Na tarar Ayuba ya riga ni, suna shan lemo.

"A buga ta!" in ji Alhaji, fuskarsa kamar an yi masa albishir. "Tun da na rataye ta nake son in ji muryarta. Da kaina zan je."

"Ranka ya daɗe, fashewa za ta yi."

"Bature ne ya ƙera ta, yarinya. Ba irin ƙarfenku na yanzu ba ne."

"Tsagar ma ta Bature ce?"

Ya ce bakina ya yi yawa. To ga ni nan. Tsohuwa tana so, ɗa ya yarda, mai bindiga yana murna, ni kaɗai ce mahaukaciyar. Abin da na iya samu kawai shi ne su kawo ta shago tukuna, da Mama Tani, a ce ni zan buɗe. Ban da niyyar buɗewa, kuma ban da wata dabara. Lokaci nake ja.

Ranar da suka zo na kwantar da bindigogin biyu a kan benci, na ɗora ta Alhaji a cinyar Mama Tani. Ina kallon hannunta, don ban san inda zan kalla ba. Yatsunta suka bi ƙotar, suka tsaya a wani ɗan kwari inda kunci ya cinye itacen, suka gangara kan wasu zane-zanen wuƙa. Ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Yauwa. Ga shi." Har ta gama ba ta taɓa bututun ba, ba ta nemi kambin ba.

"Mama, ƙarfen fa?"

"Ƙarfe na Bature ne, me ya haɗa ni da shi? Wannan babanmu ya sassaƙa a gindin ɗorawa, ni na riƙe masa, Akolo yana goye."

Na juya ga Alhaji. "Ranka ya daɗe, in na ari itacen nan na bar maka ƙarfenka da kambinka?"

"Itace?" Ya yi dariya. "Itace ai ko'ina akwai. Amma ke nan ba zan ji muryarta ba."

"Za ka ji wata."

Na ce zan cire lafiyayyen bututun Baba Akolo da kunamarsa in ɗora su a tsohuwar ƙota. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita wa Mama Tani, don kar gobe a ce na yaudari makauniya. Ta ce in sa mata ko bututun famfo ne. Na ɗauka an gama. Sai Ayuba ya ɗauki ɗaya ƙotar, wadda za a cire, ya riƙe ta.

"Wannan fa? Nan kuncin babana yake. Tun ina yaro ita na sani."

"Bututun da za ka buga ai nasa ne."

"Babanki ne ya sa shi."

"Ƙotar ma Babana ne ya sassaƙa."

Ya juya ƙotar a hannunsa. Can ya ce, "To mene ne na babana a ciki?"

Ni dai ban sani ba, har yanzu ban sani ba.

Aikin da ya biyo baya shi ne mafi wuya da na taɓa yi, kuma ba wanda zai ɗauke shi hoto. Bututun ya fi na da kauri, sai da na faɗaɗa masa wurin kwanciya a itacen da gara ta mayar kamar burodi. Ba gizago, ba magagari, da bakin wuƙa nake ɗiba kaɗan-kaɗan. Na cike ramukan da gam da garin katako, na naɗe wuyan ƙotar da wayar tagulla, na kauce wa kwarin kuncin da zanen wuƙar. Shi bututun na riga na gwada shi a ƙotarsa kafin in cire, na ɗaure a jikin mangwaro a bayan gari na ja da igiya daga nesa, lafiya lau. Amma haɗin ba shi da gwaji. Itacen bugu ɗaya zai ɗauka, in ma ya ɗauka, in na gwada na cinye shi. Na kai wa Baba ya duba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo min. Na ce yaya? Ya ce, "Bututun ba zai fashe ba." Na ce itacen fa? Ya ce, "Itace ba ya cin yatsa. Yawanci."

Wannan "yawanci" na ɗauka na tafi da shi Agyaragu.

An taru a fili da hantsi, maharba da rigunansu na layu, mata suna girki a manyan tukwane a gefe. Alhaji ya zo da babbar riga fara, aka ba shi kujera. Mama Tani ta riƙe bindigar a gaban kowa ta ce shi ne. Sai wani tsohon maharbi ya karɓa zai ɗura, na ga yadda yake zuba albarushi kamar yana auna gero. Na ce ya rage. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi mutane 'yar waye wannan. Ya ce ƙaramar murya abin kunya ce ga mamaci. Na ce guntun hannu fa, na waye kunyar? Aka yi ta hayaniya, wasu da yarensu, ban san zagina suke ko goyon bayana ba. Ya rage kaɗan. Ban san ko ya isa ba.

Ayuba ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga ta sama. Na ga hannunsa na hagu ya kama daidai inda nake tsoro, ko da yake na san ba wancan bututun ba ne.

Ta tashi. Ƙarar ta kori tsuntsayen da ke kan ɗorawa, hayaƙi ya rufe shi, na ji wani ƙas a cikin ƙarar, na ga ya zauna daɓas. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na kama hannun na juya gaba da baya. Baƙi ƙirin da hayaƙi, amma ba abin da ya ragu. Ƙotar ce ta rabe biyu daga wuya, wani ɗan tsinke ya karce shi a kunci. Yana ta cewa, "Ya yi? Ya yi?" don kunnensa ya toshe.

Mama Tani ta rangaɗa guɗa. "Muryan babanmu ke nan!" take cewa. "Haka yake yi!" Bututun da ya yi muryar nan bai taɓa ganin babansu ba.

Aka rataya wa Ayuba jakar. Ina kwance wayar tagulla in raba ƙarfe da itace, Mama Tani ta lallubo ta karɓi guntayen ƙotar biyu daga hannuna. Na ɗauka ɗaki za ta kai ta adana. Sai ta bi ƙamshin girki da sandarta, ta sunkuya, ta cusa su ƙarƙashin tukunyar tuwo.

"Mama!" na ce. "Me kike yi?"

"Ya gama aikinsa. A bar shi gara ya ƙarasa?"

Ban gama jin wannan ba sai na ga farar riga ta wuce ni a guje. Alhaji Mudi, mai cewa itace ko'ina akwai, ya durƙusa a gaban murhu cikin mata, ya sa hannu a wuta ya zaro su, hannun rigarsa yana hayaƙi, yana cewa, "Ku ba ku san tarihi ba! Wallahi ba ku san tarihi ba!" Mama Tani ta tambayi na kusa da ita wane ne wannan yake satar musu itacen girki.

Bayan kwana biyu Ayuba ya kawo bututun a mayar masa da ƙotar babansa. Baba bai tambayi yadda aka yi ba, bai kalli ƙarfen ba. Ya kama hannun Ayuba na hagu da yatsunsa uku, ya juya shi, ya matsa kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki. Ya ce, "To." Na mayar da ƙotar. Ayuba ya ɗora kuncinsa a kai ya daɗe, sannan ya sa ta a buhu ya tafi neman fasinja. Yanzu "bindigan kakana" yake ce mata.

Na tambayi Baba, tsakani da Allah, wace ce bindigar gidan nan, ta buhun Ayuba ko ta bangon Alhaji? Ya ce in miƙo masa magagari.

Guntayen biyu suna nan a kan bencina, rabi gara, rabi gawayi. Alhaji ya ce in haɗa su su koma yadda suke, amma kar in taɓa ƙunar, don har ya fara gaya wa baƙinsa a yaƙi ta samu. Ku da kuka ce goge-goge ne, ga tsumma, ga baƙin mai. Ku shigo ku nuna min inda zan goge.